Cecil Kimber: Manajan garejin da ya ƙirƙiro motar MG, aka sallame shi daga kamfanin da ya gina

Idan sanyin hunturu ya ja da baya a Ingila, wajen watan Afrilu, akan ga wani irin ayari a kan ƙananan hanyoyin karkara. Tsofaffin motoci ne ƙanana masu kujera biyu, an naɗe rufinsu na tamfol a baya, wasu da tayoyi masu sili irin na keke, suna tafe a jere ba gaggawa. Masu su, galibi dattawa, sukan haɗu da hantsi a wani fili, kowa ya ɗaga murfin injinsa ana dubawa ana musu, sannan a raba takardar da ke nuna hanya, a yi tafiyar 'yan sa'o'i, a yada zango a ci abinci, a koma gida kafin duhu. Ƙungiyoyin masu motar MG a Ostareliya da Afirka ta Kudu da Amurka ma suna irin wannan fita. Da yawa daga cikinsu sun laƙaba mata sunan Kimber, wasu kuma sukan daidaita ta da 12 ga Afrilu, ranar haihuwarsa.

A 2023, a bajen kolin motoci na birnin Shanghai, kamfanin SAIC na ƙasar Sin, wanda yanzu shi ke da sunan MG, ya fito da sabuwar mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen sama, mai aiki da lantarki, wadda ya kira Cyberster. Ƙofofinta sama suke ɗagawa kamar fukafukai, amma tambarin da ke goshinta tsoho ne: haruffa biyu a cikin zane mai kusurwa takwas, wanda aka yi wa rajista tun 1924. Wanda ya je Umara a 'yan shekarun nan ya ga wannan tambari a titunan Makka da Madina. Mutumin da ya kafa shi bai taɓa mallakar kamfanin ba. Ya yi shekara ashirin yana gina suna a kan dukiyar wani, kuma rana ɗaya aka ce ya tattara nasa ya nasa.

An haifi Cecil Kimber a unguwar Dulwich da ke kudancin Landan ranar 12 ga Afrilu, 1888. Mahaifinsa, Henry Kimber, yana harkar kayan ɗab'i da tawadar buga littattafai, kuma sana'ar ce ta kai iyalin yankin Manchester, inda yaron ya yi karatu a makarantar Stockport Grammar. Da ya gama sai ya shiga kasuwancin mahaifinsa yana tallan tawada. Zuciyarsa kuwa tana ga babur, wanda a lokacin sabon abu ne.

A 1910 wata mota ta banke shi yana kan babur ɗin wani abokinsa. Ƙafarsa ta dama ta ragargaje, ya daɗe yana zaryar asibiti, daga ƙarshe ya tashi da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ya yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. An biya shi diyyar fam 700, kuɗi mai kauri a wancan zamani. Ya ciri wani abu daga ciki ya sayi ƙaramar mota ƙirar Singer. Mahaifinsa, wanda kasuwa ta fara juya wa baya, ya nemi ya zuba ragowar a cikin harkar gida, shi kuwa ya ƙi. Wannan ƙin ya raba ɗa da uba a 1914, rabuwar da ba a ɗinke ba har tsohon ya bar duniya.

Shekaru bakwai da suka biyo baya na yawon neman abin yi ne. Ya yi aiki a kamfanin motoci na Sheffield-Simplex, ya koma AC Cars, ya auri Irene Hunt a 1915, daga bisani ya sami kansa a Birmingham a kamfanin E. G. Wrigley mai ƙera kayan giya da sauran sassan mota. Can ya zuba ɗan abin da ya tara, kamfanin ya shiga halin ni-'yasu, jarin ya narke. Amma ɗaya daga cikin masu sayen kayan Wrigley shi ne William Morris na Oxford, mai gyaran keke da ya zama babban mai ƙera motoci, kuma ta wannan hanya Kimber ya sami shiga. A 1921 aka ɗauke shi manajan ciniki a Morris Garages, shekara guda bayan haka ya zama babban manaja, yana da shekara 34.

Ya kamata a fahimci matsayin wannan wuri, domin duk abin da ya faru daga baya a kansa ya rataya. Morris Garages shagon sayar da motoci ne da gyaransu, kuma mallakin Morris ne shi kaɗai, dabam da babban kamfaninsa na Morris Motors da ke Cowley. Aikin Kimber shi ne ya sayar da abin da masana'anta ta turo. Motocin Morris na lokacin masu ƙwari ne, masu araha, amma ba su da wani fasali da zai sa mutum ya waiga. Kimber, mai ido a kan zane da launi, ya lura cewa akwai masu saye da za su ƙara kuɗi idan mota ta ɗan fi ta maƙwabci kyau da gudu. Sai ya riƙa karɓo ƙasan motar, wato firam da inji da tayoyi, ya kai wa maƙeran bodi su ɗora mata jiki irin wanda ya zana, ya sassauto da ita ƙasa, ya gyara sitiyari, ya yi mata fenti mai ɗaukar ido.

Ta farko da ta karɓu ita ce wadda ya kira Chummy. Ciniki ya fara kankama, sai ga masana'antar Cowley ta fito da mota kusan irinta sak a farashi mai rahusa, ta kashe masa kasuwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa gano wata haja, ya wayi gari ya ga uban gidansa ya cika kasuwa da ita, ya san ɗacin wannan. Kimber ya ɗauki darasi: dole ya yi abin da babbar masana'anta ba za ta iya kwaikwaya cikin sauƙi ba. A 1924 ya fito da 14/28, wadda aka gina a kan Morris Oxford, mai jikin alminiyum mai sheƙi, aka fara tallata ta da haruffan farko na sunan garejin, M da G. Har yau masana tarihin motar suna saɓani a kan ko 1923 ce shekarar haihuwarta ko 1924, abin da ya sa bikin cikarta shekara ɗari ya ratsa shekaru biyu.

A 1925 ya sa aka haɗa masa wata 'yar siririyar mota mai kujera biyu don shiga gasar juriya ta Land's End. Wannan gasa ba ta rige-rige ba ce. Ana tashi ne da dare daga wajen Landan a nufi ƙurewar yammacin Ingila, a bi ta tuddai masu duwatsu da taɓo, kuma abin da ake nema shi ne mota ta haye kowane tudu ba tsayawa, ta isa kowane zango a kan lokaci. Mai ɗingishin ya tuƙa da kansa, ya ciyo lambar zinare. Bai jima ba ya sayar da motar, daga baya kamfani ya sake sayenta don talla, ya raɗa mata suna Old Number One, duk da cewa an yi wasu kafin ita. Tana nan a gidan tarihin motoci na Gaydon da lambarta FC 7900.

Abin da ya mayar da wannan sana'ar gefe ta zama masana'anta shi ne wata ƙaramar mota. A 1928 Morris ya fitar da Minor ta farko (ba wadda dattawanmu suka sani tana tasi ba, waccan sai 1948 ta fito), mai inji cc 847 wanda ya samo asali daga kamfanin Wolseley da Morris ya saya. Injin ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi. Kimber ya ɗora masa jiki marar nauyi na katako da aka lulluɓe da yadi mai kama da fata, kujera biyu, baya mai tsini kamar kwalekwale, ya kai ta bajen kolin Olympia a Landan a wannan shekarar da sunan Midget. Kuɗinta fam 175, tana kuma iya gudun mil sittin da 'yan kai a sa'a. Kafin ita, motar wasa abin 'ya'yan masu hannu da shuni ce. Da zuwanta, akawu da ƙaramin likita da matashin lauya suka ga abin da aljihunsu zai iya ɗauka. An ƙera fiye da 3,000 kafin a daina ta a 1932.

Wurin aiki ya yi kaɗan, don haka a 1929 aka koma garin Abingdon, kudu da Oxford, cikin wani ɓangare na masana'antar jima ta Pavlova. A 1930 aka yi wa M.G. Car Company rajista, Kimber ya zama manajan darakta, amma mai kamfani dai Morris ne. A Abingdon Kimber ya shimfiɗa mulkinsa yadda yake so. Launin kamfani ruwan ƙasa ne da ruwan madara. Zanen kusurwa takwas ya bi ko'ina, daga agogon gaban direba har ƙananan sassan da ba mai lura da su. Lambar wayar masana'antar 251 ce, saboda haka lambar firam ta yawancin sababbin samfura daga 0251 take farawa. Mutum ne mai tsanani a wurin aiki, mai son tsabta da tsari, amma ya iya zaɓen mutane: H. N. Charles a ɗakin zane, Cecil Cousins da Reg Jackson a wurin haɗa motocin tsere, da wani yaro Syd Enever wanda ya fara da aike-aike ya ƙare a matsayin babban injiniya.

A 1930 ɗin nan ne wani mai Midget ya rubuta wa mujallar The Light Car wasiƙa yana ba da shawarar masu irin motar su haɗa kai. A watan Oktoba aka yi taron farko a wani otal kusa da Stevenage, aka kafa MG Car Club, aka naɗa wani matashin akawu mai suna John Thornley sakatare. Wani shugaban kamfanin zai iya ɗaukar abin a matsayin wasan yara. Kimber ya rungume shi hannu biyu. Ya ba ƙungiyar izinin amfani da sunan, ya jawo Thornley aiki a Abingdon a shekarar da ta biyo, ya buɗe wa 'yan ƙungiya ƙofar masana'anta, yana halartar liyafarsu ta shekara-shekara. Ya gane cewa wanda ya fita ranar Lahadi cikin ayarin motoci talatin, ya hau tudu abokai suna yi masa tafi, ba zai sayi wata mota dabam ba idan tasa ta tsufa, kuma zai jawo ƙaninsa da abokin aikinsa. A cikin duk abin da ya shuka, wannan ne ya fi daɗewa.

Tsere kuwa shi ne abin alfaharinsa, shi ne kuma ya fara jawo masa baƙin jini a wurin manya. A watan Fabrairun 1931, a filin Montlhéry na Faransa, George Eyston ya tuƙa wata MG ta musamman ya wuce mil ɗari a sa'a, karo na farko da mota mai inji cc 750 ta yi haka. A wannan shekarar motocin Abingdon suka kwashe matsayi biyar na farko a tseren Double Twelve na Brooklands. A 1933 samfurin K3 Magnette ya je Italiya ya ci ajinsa a tseren Mille Miglia mai tsawon mil dubu, da Eyston da Count Lurani a ciki, sannan gwarzon direban Italiya Tazio Nuvolari ya ci Tourist Trophy da ita a Arewacin Ireland. Ƙaramar masana'anta ta yi suna a duk Turai.

Sai dai kofi ba ya biyan albashi. Bayan 1932 ciniki ya ja baya, samfura sun yi yawa, kowanne da nasa kayan gyara, kamfanonin inshora kuma sun tsauwala wa masu motocin wasa. A 1934 wata K3 da Kaye Don ke gwadawa a tsibirin Isle of Man ta yi haɗari, makanikin kamfanin Frankie Tayler ya mutu, aka ɗaure Don. Morris, wanda a shekarar ya zama Lord Nuffield, dama ba mai son tsere ba ne. A 1935 ya sayar da MG ga Morris Motors, wato ya ciro ta daga aljihunsa ya sa ta ƙarƙashin babban kamfani, wanda Leonard Lord ke jagoranta. Lord mutum ne na lissafi, ba ya kwana-kwana. Ya rufe sashen tsere nan take, a daidai lokacin da sabuwar motar tsere R-type ta fara nuna alamun nasara, ya mayar da aikin zane Cowley, ya ce daga yanzu da kayan Morris na gama-gari za a riƙa haɗa MG. Aka rage wa Kimber muƙami.

Adalci shi ne a ce Lord yana da hujja a kan kuɗi, kuma motar da ta fito daga wannan tsari a 1936, wato TA, ta fi na baya sauƙin riƙo ga mai ita ko da masoya sun yi gunaguni. Kimber ya haɗiye abin, ya ci gaba da aiki da abin da aka ba shi. Da aka hana shi filin tsere sai ya karkata ga gasar hawan tuddai ta ƙungiyoyi, inda tawagogi biyu da masana'anta ke tallafa wa, Cream Crackers da Three Musketeers, suka riƙa kwasar kyaututtuka. Lord ya bar kamfanin a 1936 bayan saɓani da Nuffield, Kimber ya farfaɗo. A 1939 Goldie Gardner ya wuce mil 200 a sa'a da wata MG a kan babbar hanyar Dessau ta Jamus, watanni kaɗan kafin yaƙi ya ɓarke. A gida kuwa, matarsa Irene, uwar 'ya'yansa mata biyu, ta rasu a 1938 bayan doguwar jinya, ya sake aure da Muriel Dewar. Hutunsa a kamun kifi da tuƙin jirgin ruwa yake yinsa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya fara, aka dakatar da ƙera motoci. Kimber ya share masana'anta yana jiran aikin soja daga hedikwata, aikin bai zo yadda ya kamata ba, ga ma'aikata zaune. Ya fita da kansa neman kwangila. Ya samo gyaran tankokin yaƙi da ƙananan ayyuka, daga bisani ya samo babba: haɗa sashen gaba na jirgin saman yaƙi ƙirar Albemarle, inda matuƙi ke zama, aiki mai sarƙaƙiya da wasu kamfanoni suka kauce masa. Bai nemi amincewar na sama da shi ba. Miles Thomas, mataimakin shugaban rukunin kamfanonin Nuffield, yana ƙoƙarin tattara dukkan ayyukan yaƙi a hannu ɗaya, kuma ba ya son manajan da ke tafiyar da reshe kamar gadon gidansu. A watan Nuwamban 1941 ya je Abingdon ya shaida wa Kimber cewa zamansa ya ƙare. Nuffield, wanda Kimber ya yi wa hidima shekara ashirin, bai sa baki ba.

Ma'aikacin gwamnati zai gane laifin da aka kama shi da shi, domin tsallake na gaba da kai laifi ne ko da abin da ka yi daidai ne. Kuma daidai ɗin ne: ma'aikatan Abingdon sun haɗa ɗaruruwan sassan jirgin nan har aka gama aikin. Amma kwangilar dalili ce kawai ta kusa. Tun 1935 ake ganin Kimber a matsayin wanda ya ɗauki kansa mai kamfani, jama'a ma haka suke kallonsa, alhali a takarda ma'aikaci ne da ake iya sallama da baki.

Ya koma kamfanin ƙera bodi na Charlesworth, daga nan ya zama daraktan ayyuka a kamfanin Specialloid mai yin fistin. Ranar Lahadi 4 ga Fabrairu, 1945, ya shiga jirgin ƙasa na ƙarfe shida na yamma a tashar King's Cross ta Landan, zai je Peterborough kan harkar aiki. Jirgin mai tarago 17 ya shiga ramin Gasworks da ke gaban tashar, inda layin ke hawa tudu. Ƙafafun kan jirgin suka riƙa zamewa a kan dogo, ya tsaya, sannan ya fara gangarowa da baya, direba kuwa cikin duhu da hayaƙi bai ankara ba. Mai kula da sigina ya yi ƙoƙarin karkatar da shi zuwa layin da ba kowa, amma ya makara da daƙiƙa kaɗan, mahaɗar layin ta motsa a ƙarƙashin taragon ƙarshe, ƙafafunsa na gaba da na baya suka bi layi dabam-dabam. Taragon ya kauce ya daki ƙarfen sigina. Mutum biyu ne suka mutu a cikin dukan jirgin, Kimber na ɗaya daga cikinsu. Yana da shekara 56, saura wata uku yaƙi ya ƙare a Turai.

Kafin shekarar ta fita Abingdon ta fitar da TC, wadda kusan ita ce motar da ya bari a 1939, an ɗan faɗaɗa jikinta. An ƙera kimanin 10,000 zuwa 1949. Yarima Philip yana da ɗaya kafin ya auri Gimbiya Elizabeth. Duk da cewa sitiyarinta a dama kawai yake, ta shiga Amurka ta koya wa Amurkawa son ƙaramar mota mai buɗaɗɗen sama, kasuwar da ta ciyar da Abingdon shekara talatin. John Thornley, sakataren ƙungiya na farko, ya zama babban manajan kamfanin a 1952, shi da Syd Enever suka fitar da MGA a 1955 da MGB a 1962, wadda aka sayar da fiye da rabin miliyan.

Kamfanin ya yi ta sauya iyayen gida. British Leyland ta janye tallafinta ga ƙungiyar a 1969, 'yan ƙungiya suka ci gaba da kuɗin aljihunsu. A watan Oktoban 1980 aka rufe masana'antar Abingdon duk da zanga-zangar masoya motar. Sunan ya bi ta hannun Rover, ya faɗi tare da MG Rover a 2005, kamfanin Nanjing na Sin ya saye shi, sannan ya koma hannun SAIC. An rushe yawancin gine-ginen masana'antar, an yi wuraren kasuwanci a filin. A bakin tsohon filin, kan titin Cemetery Road, akwai wani gida da ƙungiyar ta mayar hedikwatarta tun 1990, inda take ajiye takardun masana'anta da bayanan tsofaffin motocin da aka haɗa a can, kuma daga nan ake tsara fitar kowace shekara. Sunan gidan Kimber House.